Renon attaruhu da tumatir a ƙasar sanyi: fitila ko gidan gilas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila, muna da ɗan fili a bayan gida. Bara na shuka irin attaruhu da tumatir da kuɓewa a bakin taga cikin watan Fabrairu. Wasu ba su fito ba sam, waɗanda suka fito kuma suka miƙe siri-siri suna kwantawa. Maigida ya ce mu sayi ɗan gidan gilas irin na maƙwabta, wata ƙawata kuma ta ce fitilun shuka zan saya in yi renon a cikin gida. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Idan maganar reno ce kawai, wato daga ranar da iri ya shiga ƙasa zuwa ranar da ya isa dashe, to fitila za ki saya, kuma ba sai mai tsada ba. Gidan gilas da ba a ɗumama shi, a Manchesta, cikin Fabrairu, ba zai fitar miki da attaruhu ba ko da kin kwana kina gadinsa. Amma kada ki ce wa Maigida an kayar da shi, domin yana da gaskiyarsa. Sai dai gaskiyar tasa daga tsakiyar Afrilu take somawa, kuma a garin da kike, in babu gidan gilas ɗin, da wuya ki ci attaruhun da ya nuna ja da hannunki.

Mu da muka tashi a gida ba mu saba tunanin haske a matsayin abin da zai iya ƙaranci ba. Mai lambu a Kadawa ko Kura zai gyara ɗan bedi, ya yafa irin tumatir, ya rufa masa ciyawa, ya riƙa ban ruwa safe da yamma, cikin mako uku zuwa huɗu ya cire dashe. Rana tana nan, ɗumin ƙasa yana nan, abin da yake nema ma inuwa ce. A Kano yini mafi gajarta a shekara bai gaza awa 11 ba. Ke kuwa a Manchesta yinin ƙarshen Disamba awa 7 da rabi ne, farkon Fabrairu wajen awa 9, sai kusan tsakiyar Fabrairu yake kai awa 10. Ranar ma tana can ƙasa-ƙasa a gefen kudu, mafi yawan kwanaki bayan gajimare. Ga shi kuma attaruhu shuka ce mai jan lokaci, daga iri zuwa nuna yana cin wata shida ko fiye a irin yanayinku. In kika jira har gari ya yi ɗumi da kansa a watan Mayu, sanyin Oktoba zai riske shi yana fure. Dole ki soma da wuri, a daidai lokacin da sama ba ta da abin ba ki. Daga nan matsalar take.

Ƙwayar iri da tsiro ba abu ɗaya suke nema ba, kuma abin da ya same ki bara matsala biyu ce da kika gani kamar ɗaya. Waɗanda ba su fito ba, sanyi ne ya hana su. Iri a cikin ƙasa ɗumi da laima yake so, haske bai dame shi ba tukuna. Attaruhu da tattasai suna son ƙasa mai zafin digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, tumatir 21 zuwa 27, kuɓewa ma ta fi son ya kusa 30. Bakin taga kuwa, ko da ɗakin yana 20 da rana, da dare bayan an ja labule yana iya sauka zuwa 10, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi iskar ɗakin sanyi. A haka irin attaruhu zai zauna ya sha ruwa ya ruɓe. Ko a ɗumin da yake so ma yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya leƙo, saboda haka kada ki yi saurin zubar da tire.

Waɗanda suka fito suka yi tsayin banza kuma, haske ne bai ishe su ba. Tsiro idan ya samu ɗumi amma haske ya yi masa kaɗan, sai ya zuba duk ƙarfinsa wajen miƙa kara yana neman rana. Ɗumin hitar gida yana ingiza shi ya girma, hasken da zai gina jikin babu. Shi ya sa ya fito fari-fari, ya karkata wajen gilashi, ya langaɓe.

Masana aikin lambu suna auna jimillar hasken da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin yini guda da ma'aunin da ake kira mol. Dashen tumatir ko tattasai mai kauri yana son mol 10 zuwa 15 kullum. A Kano, a fili, yini na yau da kullum yana ba da wajen 40, wani lokaci fiye. A arewacin Ingila cikin Janairu, a tsakiyar fili inda babu abin da ya kare, ba ya kai 5. A Fabrairu ba ya kai 10. Sai Maris ya yi nisa yake haura abin da dashe ke nema. To wannan lissafin waje ne. In kika shiga gidan gilas, gilashin da ƙarafan da datti da raɓar da ke kwanciya a jikinsa sukan cinye kashi ɗaya cikin uku, ko fiye idan katangar maƙwabta na yi masa inuwa. Gidan gilas ba ya ƙirƙirar haske, abin da sama ta bayar yake ragewa ya miƙo. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce abin da manyan manoman kasuwa suke yi. A yankin Westland na ƙasar Holan, da Leamington ta jihar Ontario a Kanada, inda gidajen gilas suka mamaye dubban kadada, masu noman tumatir na hunturu fitilu suke ratayawa a cikin gidajen gilas ɗin nasu, har sararin samaniya yana haskawa da dare. In da gilas kaɗai yana isa, waɗannan mutane masu lissafin kowane kwabo ba za su biya kuɗin wutar ba.

Sai maganar zafi, inda mutane suka fi ruɗuwa. Gidan gilas kamar mota ce da aka ajiye a rana an rufe gilasai: da azahar ba ta shiguwa, da asuba kuwa sanyinta ɗaya da na waje. Siririn gilashi ba ya riƙe zafi. Da dare abin da zai fi waje da shi digiri ɗaya ne zuwa uku, a daren da sama ta washe babu gajimare ma yana iya zama daidai da waje. Daren Fabrairu a Manchesta yakan tsaya wajen digiri 2, kuma dararen da raɓa ke daskarewa ba baƙi ba ne. Tumatir ba ya son dare ya gaza 10, attaruhu ya fi son 15, in ya gaza 12 sai ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya ko shunayya. Daren daskarewa guda ya isa ya kashe duka.

Za ki ce to a sa hita. Ana sawa, amma bari mu yi lissafi. Ƙaramin gidan gilas da aka fi sayarwa a can, mai ƙafa 6 da ƙafa 8, jikinsa gaba ɗaya wajen murabba'in mita 19 ne. Kowane murabba'in mita na gilashi mai falle ɗaya yana zubar da wajen wat 6 a kan kowane digiri na bambanci tsakanin ciki da waje. In waje yana 2 kina son ciki ya zauna a 15, bambancin 13 ne, wato kusan wat 1,500 ke fita babu tsayawa. A dare mai awa 14 kin sha yunit 20 na lantarki. Idan yunit yana kwabo 25, fam 5 ke nan a dare ɗaya, kuma bayan duk wannan hasken bai ƙaru ba, sai ma ki sake samun dogayen tsire-tsiren nan na bara, a tsada. Hitar kananzir ta fi araha, amma tana cika ɗakin da laima, kuma in ba ta ci da kyau hayaƙinta yana nannaɗe ganyen tumatir, ga haɗarinta ga mutum a rufaffen wuri. Ban ba ki shawararta ba.

Yanzu ki kwatanta da fitila. Dogayen ƙwan LED guda biyu, masu tsawon mita 1.2, kowanne wat 40, sun ishi kanta ɗaya mai faɗin rabin mita. Wat 80 sau awa 16 ya kama yunit 1.3 a yini, wajen kwabo 32. Mako goma na reno bai wuce yunit 90 ba, wato abin da hitar can za ta sha cikin dare huɗu ko biyar. Ɗumi kuwa kin riga kin biya shi, tunda gidan da kuke kwana a ɗumame yake. In aka rataye ƙwayayen kusa da ganye, suna ba da wajen maikiromol 200 (maikiromol kashi ɗaya ne cikin miliyan na mol) a kan kowane murabba'in mita a kowace daƙiƙa, wanda in aka tara na awa 16 zai kama mol 11 da rabi. Ƙarfinsa kashi ɗaya ne cikin goma na ranar tsaka, amma tsawon awannin yana cike giɓin, kuma ba ruwansa da gajimare.

Kada masu talla su ruɗe ki. Don reno ba kya buƙatar fitilun nan masu launin shunayya. Suna aiki, amma a ƙarƙashinsu ba za ki gane ganyen da ya soma rawaya ba, kuma suna mai da ɗaki kamar gidan rawa. Farin ƙwai na yau da kullum, irin wanda ake sawa a gareji ko shago, wanda aka rubuta 4000K zuwa 6500K a kwalinsa, ya wadatar. Abin da za ki duba shi ne ainihin wat ɗin da yake ja daga bango. Akwai masu rubuta 1000W da manyan baƙaƙe a gaban kwali, ki juya baya ki ga bai kai wat 100 ba. Su kuma 'yan ƙananan nan masu wuya kamar maciji da ake maƙalawa a bakin tebur, wat 10 ne ko ƙasa da haka, tukunya ɗaya ko biyu za su iya riƙewa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne nisa. Mutum zai sayi fitila mai kyau ya maƙala ta a silin, ya ce fitila ba ta aiki. Haske yana raguwa da sauri sosai da zarar an ja baya. Ki rataye ƙwan da sarƙa ko igiya, santimita 10 zuwa 15 daga kan ganye, kina ɗaga shi yayin da suke girma. In kin ɗora bayan hannunki a daidai ganyen kika ji zafin ya dame ki, ki ɗaga kaɗan. In kin ga kara na miƙewa, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye na ƙaruwa, ki sauke. Ki manna farar takarda ko farin kwali a bayan kantar da gefenta don ya maido da hasken da ke zubewa. Ki sayi ɗan agogon soket mai kunnawa da kashewa da kansa, ki saita awa 14 zuwa 16. Kada ki bar ta dare da rana wai don su yi sauri, tumatir musamman in bai samu duhu ba ganyensa yakan yi dabbare-dabbaren rawaya. Kuma tunda ruwa da lantarki ne a wuri ɗaya, soket ya zauna sama da tire, ba ƙasansa ba.

Don tsirowa, akwai 'yar tabarmar ɗumi ta lantarki da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tire, wat 20 take ja, tana ɗaga zafin ƙasa da digiri 5 zuwa 10. Ga attaruhu ta cancanci kuɗinta. In ba ki da ita, ki sa tiren cikin leda ki ajiye a kabad ɗin tankin ruwan zafi, amma ki riƙa leƙawa safe da yamma. Ranar da kika ga na farko ya lanƙwaso wuyansa daga ƙasa, a ranar za ki cire ledar ki kai shi ƙarƙashin fitila. Kwana biyu a duhu bayan fitowa sun isa su ɓata shi. Bayan duk sun fito ki kashe tabarmar. Tsiro ya fi kauri a ɗaki mai ɗan sanyi-sanyi, 18 zuwa 21 da rana, ƙasa da haka kaɗan da dare.

Ban ce renon fitila ba shi da nasa ciwon kai ba. Na farko ruɓewar gindi: ki kwanta tsire-tsire suna tsaye, ki tashi ki tarar sun zube, gindinsu ya tsuke kamar zare. Ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia ne, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa da iskar da ba ta motsi suke so. Wanda ya faɗi ba ya tashi, sai dai a kare sauran. Kada ki ɗebo ƙasar bayan gida, ki sayi ta buhu wadda aka yi don renon iri, ki wanke tsofaffin tukwane, ki zuba ruwa a farantin ƙasa su sha daga gindi, ki bar saman ya ɗan sha iska kafin ki ƙara. Yawan ruwa ya fi ƙishi kashe dashe a cikin gida. Shi ne kuma ke tara 'yan baƙaƙen ƙudajen nan da ke tashi daga tukunya.

Na biyu laushi. Tsiron da bai taɓa jin iska ba karansa ba ya ƙwari. Ki kunna ƙaramar fanka daga nesa na 'yan awanni, yadda ganye zai riƙa ɗan rawa, ko ki riƙa shafa kansu da tafin hannu sau da yawa a yini. Wannan ba camfi ba ne, an gwada an tabbatar motsi yana sa kara ya gajarta ya yi kauri. Za ki iya ganin wasu ƙuraje kamar gishiri a bayan ganyen attaruhu ko tumatir. Ba cuta ba ce mai yaɗuwa, ruwa ne ya yi wa ganyen yawa, ga laima, ga rashin wani ɓangare na hasken rana da ƙwan lantarki ba ya bayarwa. Rage ruwa da ƙara iska suna sassauta shi, sabon ganyen da zai fito a rana kuma lafiya lau zai fito. Taki kuwa sai ganyen gaskiya sun bayyana, ba 'yan biyun farko ba, ki ba su na ruwa, rabin abin da aka rubuta a kwalba.

Na uku, wanda shi ne zai kai ki ga maganar Maigida, wuri. Tire ɗaya yana ɗaukar tsiro arba'in, amma bayan mako huɗu ko biyar kowanne tukunyarsa yake nema. Kantar da ta ɗauki ɗaruruwa a Fabrairu, a Afrilu in ganye ya buɗe da ƙyar ta ɗauki talatin. Tumatir ya taɓo ƙwai, fitila ba ta kai wa ganyen ƙasa, waje kuma bai yi ba tukuna, domin a yankinku ba a amincewa da dare sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. A wannan tsakanin ne gidan gilas ya fi kowace fitila. Daga tsakiyar Afrilu yini ya kai awa 14, hasken waje ya ninka abin da ƙwayayenki ke bayarwa, kuma haske ne cikakke daga kowane gefe. Dashen da ya koma can sai ki ga ganye ya yi duhu, kara ya yi kauri cikin mako guda. Ki fara da tumatir, attaruhu ya biyo baya a Mayu. Ki ajiye ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙasa da mafi sama, ki riƙa duba hasashen yanayi. Daren da aka ce zai sauka ƙasa da 7 ko 8, ki lulluɓe su da farin mayafin lambu ninki biyu, ko ki kwaso attaruhun ya kwana a kicin.

Sauyin ma ba a yi shi rana ɗaya. Ganyen da ya girma a ƙarƙashin ƙwai in ya haɗu da ranar tsaka kai tsaye zai ƙone ya yi fari kamar takarda. Ki fara da awa biyu a inuwa inda babu iska, gobe ki ƙara, a hankali zuwa kwana bakwai ko goma.

Wannan duk ya nuna miki cewa ranar shuka ma tana da muhimmanci, kuma bara kin haɗa kowa a rana ɗaya. Attaruhu shi ne na farko, ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Tattasai da gauta su biyo baya, tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris. Tumatir kuwa ki riƙe shi har tsakiyar Maris, yana da sauri, mako shida zuwa takwas ya isa dashe, kuma wanda aka shuka a Maris yakan kamo na Fabrairu ya wuce shi. Kuɓewa sai Afrilu, ki jiƙa irin ya kwana, ki sa kowace a tukunyarta tun farko domin ba ta son a taɓa mata saiwa. Alayyahu da lalo da yakuwa ba sa buƙatar fitila ko kaɗan, ki shuka su a gidan gilas daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Irin lalo yana da taurin kai, ki ƙulle shi a ƙyalle ki tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu kafin shuka. In kuma kina son kabeji, latas, albasa ko fis, waɗannan 'yan sanyi ne, gidan gilas marar hita ya ishe su tun daga Maris, har sun fi kyau a can fiye da cikin ɗaki mai ɗumi. Latas ma in zafi ya kusa 30 ƙin fitowa yake yi. Mai noman irin waɗannan kaɗai, da na ce masa ya manta da fitila.

Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne tsawon yinin Yuni, kusan awa 17. Wasu kayan gida da gajeren yini suke gane lokaci. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta zuwa wajen awa 12, wanda a wurinku ƙarshen Satumba ne, lokacin sanyi ya kawo kai. Ganyen miya za ki samu, amma kada ki sa rai da soɓorodo. Albasar gida in ta ji dogon yini sai ta yi saurin ɗaure kai tun tana ƙarama, ta tsaya kamar goro, saboda haka ki sayi irin da ake sayarwa a can. Kuɓewa ma ki nemi irin da ake kira Clemson Spineless, wadda tsawon yini bai cika damunta ba. Game da ɗauko iri daga gida a jaka, dokar Birtaniya tana neman takardar shaidar lafiyar tsiro ga irin tumatir da na dangin tattasai, kada ki jawo wa kanki magana a filin jirgi. Abin da suke kira Scotch bonnet da habanero dangi ɗaya ne da attaruhunmu, irinsu na nan a shagunan lambu. Ko ki sayi jan attaruhu da ya nuna sosai a shagon kayan Afirka ki cire 'ya'yan ki shanya, sai dai wani lokaci abin da zai haifa ba ya kama da uwar.

Babban amfanin gidan gilas a Manchesta ma ba a reno yake ba, a watannin Yuni zuwa Oktoba yake. Zafin garinku a Yuli da ƙyar yake wuce digiri 20 da 'yan kai a yawancin kwanaki, ga ruwan sama. Attaruhu da kuɓewa a fili za su rayu, amma abin da za su ba ki ba zai cika kwano ba. A cikin gilas ne suke jin kamar suna gida. Tumatir na waje kuma akwai cutar ƙunar ganye da ke zuwa da laimar Agusta, ita ce ta halaka dankalin ƙasar Ayalan daga 1845, tana iya baƙanta gona cikin 'yan kwanaki. Rufin gilas yana hana ganye jiƙewa, wannan kaɗai yana rage ta ƙwarai. Don haka in kuɗi na abu ɗaya ne bana, fitila da tabarma da agogo ba su kai kashi kaɗan na kuɗin gidan gilas ba, ki fara da su yanzu, gidan gilas kuna da har Afrilu ku tanada.

In za ku saya, ku sa shi inda rana ta fi daɗewa, nesa da inuwar katanga. Ku sayi wanda ya fi wanda kuke tunani girma, kowa da ya sayi ƙarami cika shi yake yi a shekarar farko. In akwai yara, gilashi mai tauri ko roba mai falle biyu, kada ku ɗauki siririn gilashin da ke fashewa da kaifi. 'Yan ƙananan nan na koriyar leda masu araha suna amfani, amma in ba a ɗaure su da bango an danne gindin da bulo ba, iskar farko a gidan maƙwabta za ki tsince su da dashenki a ciki. A can mutane sukan bayar da tsohon gidan gilas kyauta ko a araha ga wanda zai zo ya kwance da kansa, ku duba tallace-tallacen unguwa. Kuma ku sa wa tagar rufin abin buɗewa da kansa, wani ɗan bututu ne mai kakin da ke kumbura in ya ji zafi, ba ya amfani da wuta. Rana ɗaya ta Afrilu da kika fita aiki ƙofa a rufe tana iya kai ciki digiri 40, kuma zafi ya fi sanyi saurin kashe ƙaramin dashe a tire.

Ga mai karanta wannan daga Kano, Zariya ko Maraɗi: kada ka ɓata kuɗinka a fitila. Haskenka ya yi yawa ma, kuma rufaffen ɗakin leda a Maris ko Afrilu dafa dashe zai yi. Abin da ke cin renonka farin ƙuda ne mai ɗauko cutar nannaɗewar ganye, da tsutsar sharon da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, da ruwan damina mai dukan bedi. Maganinka rumfa ce mai bangon raga mai ƙananan idanu, da rufin da ke tare ruwa ya rage rana, iska na ratsawa ta kowane gefe. A Jos da kewaye, inda daren hunturu kan iya sauka ƙasa da digiri 10, rufin leda yana taimaka wa tattasai ya fito da wuri, amma can ma ɗumi ake nema ba haske ba.

Hajiya, abu na ƙarshe game da attaruhu: ba shukar shekara ɗaya ba ce, sanyi ne ke kashe ta. A ƙarshen Oktoba ki zaɓi biyu ko uku da suka fi haihuwa, ki datse rassan ki bar kamar kashi ɗaya cikin uku, ki duba bayan ganye da kyau saboda darɓa, ki shigo da su ɗakin da ba ya gaza digiri 12. Ruwa kaɗan-kaɗan, babu taki har Maris. Ba duka ne ke tsallake hunturu ba, amma wanda ya tsallake yakan riga sabon dashe fure da makonni da dama, kuma ya fi shi yawan 'ya'ya.